Kyanwar Gidana Da Hadisin Da Nake Karantarwa

  Na san da ganin kan wannan rubutu za ki ce, yau kuma me ya kai Malama ga zancen mage, alhali ga tsadar abinci, ga kuɗin makarantar yara, ga na asibiti? Ki yi haƙuri ki bi ni har ƙarshe. Ni ma a da haka nake kallon abin, har sai ranar da wata 'yar kyanwa ta mutu a tsakar gidana, da maganin da ni da hannuna na ɗura mata.

Ni haifaffiyar Bebeji ce, aure ne ya kawo ni Tudun Wadar Dankadai, inda nake karantar da yara da yamma, matan aure kuma ranakun Asabar da Lahadi. Maigidana sana'arsa hatsi. Da kaka ta yi sai ya nausa kasuwannin ƙasar Doguwa ya sayo masara, ya haɗa da shinkafar nan tamu ta Tudun Wada, a jibge a sito har zuwa bazara. To kin san inda hatsi yake, nan ɓera yake tarewa da iyalansa. Sun huda buhuna, sun shiga kicin, sun yi mini ɓarna a akwatin kaya, har bangon littafina na Risala da na yi karatu da shi a kwaleji sai da suka gaigaye. Shinkafar ɓera kuwa na hana a shigo mini da ita, domin ina da mai rarrafe a lokacin, kuma duk mun sha jin yadda take halaka yara.

Ana cikin haka, a kakar 2021, sai ga wata mage fara mai ɗigon baƙi a goshi ta diro ta katanga, ta zauna a bakin sito kamar an aiko ta. Yara suka sa mata suna Baƙuwa. Cikin wata guda ɓarnar ta yi sauƙi. Ba buhu kaɗai ta tsare mana ba, domin ɓera shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lassa ta hanyar fitsari da kashinsa a kan abinci. An fara gano cutar a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma a watan Janairun 2020 ta yi kisa a Kano har da likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin matakan kariya da take lissafawa, bayan rufe hatsi da tsaftace gida da nisanta juji, har da ajiye mage a gida. Ashe ma'aikaciya Allah Ya turo mana, ba ta neman albashi sai kan kifin Tiga da ragowar abinci.

Matsalar ta fara ne da haihuwa. Ban taɓa sanin haka mage take ba sai a kanta. Cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, wajen kwana 63 zuwa 65, takan haifi uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, kuma tana iya ɗaukar wani cikin tun ba ta gama yaye na baya ba. A shekara sai ta haihu sau biyu ko uku. 'Ya'yanta mata kuma tun suna wata huɗu zuwa shida suna iya ɗaukar nasu. Haihuwar farko muka raba wa maƙwabta, kowa na murna. Ta biyu ƙanwata da ke aure a Kiru ta ɗauki biyu, ragowar da ƙyar muka samu masu so. Ta uku kuwa duk wadda na yi wa tayi sai ta ce, “Malama, mu ma tamu ta haihu.”

Abin da na yi, ba zan ɓoye miki ba, domin na san ba ni kaɗai ba ce. Na zaɓi guda ɗaya na bari, ragowar huɗun na sa su a buhu, na ba wani yaro kuɗi na ce ya kai su bayan gari. Idonsu bai daɗe da buɗewa ba. Ɗana na biyu, yana da shekara shida a lokacin, ya bi buhun da kallo har ƙofar gida, ya juyo ya ce, “Umma, wa zai ba su nono?” Na ce Allah zai ciyar da su, na kore shi ya je ya yi wasa. Kwana uku Baƙuwa tana zagaya gida tana kuka, tana leƙa bayan buhuna.

Wadda na bari ta girma har wajen wata biyar, sai wata rana ta kama mura, ido yana kwantsa, hanci yana yoyo, ta ƙi cin abinci. Tausayi ya kama ni. Na taɓa jikinta na ji da ɗumi, na ce zazzaɓi ne. Na ɗauko Panadol, na ɓalli rabi, na daka na jiƙa a cokali, na ɗura mata, ina ganin na yi aikin lada. Kafin la'asar fuskarta ta kumbura, tafin ƙafafunta ma haka, tana haki baki buɗe, dasashinta ya koma ruwan ƙasa. Washegari da hantsi ta cika. Garin neman gira na rasa ido. Duk da haka ban danganta abin da maganin ba, na ce ciwon ne ya fi ƙarfinta.

Tambayar da ta hana ni barci

Bayan mako biyu, a ajin matan aure, darasi ya kawo mu kan hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA), na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Na karantar da wannan hadisi ya fi a ƙirga. Na yi bayani mai kyau, na ce ku duba girman haƙƙi, mata suna ta jinjina kai. Sai wata dattijuwa da ke zama a baya, wadda ta haife ni ma, ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, to wanda ya zuba 'ya'yan mage a buhu ya aika a yar fa? Ni kam na yi ya fi sau goma.”

'Yar'uwa, sai na ji bakina ya yi nauyi. Na so in ce ai buhun ba a ɗaure yake ba, ai sakin su aka yi. Amma ni na san jaririn da bai iya ko lasar ruwa ba, sakinsa a daji da ɗaure shi duk ɗaya ne. Na ce mata, “Inna, ki bar ni in yi bincike, domin amsar ta shafe ni fiye da yadda ta shafe ki.” Daren nan ban runtsa sosai ba. Na yi istigfari, na kuma ɗaura niyyar buhu ba zai sake fita daga gidana da rai a cikinsa ba. Amma niyya kaɗai ba ta hana mage haihuwa.

Wata maƙwabciyata ta kawo shawara, ta ce ai abu mai sauƙi ne, a samu mai kemis ya yi mata allurar tazarar haihuwa irin ta mata, ko a riƙa daka mata ƙwayar a abinci. Har na so in yarda. Allah Ya taimake ni, a daidai lokacin Baƙuwa ta sake haihuwa, kuma wannan karon jikinta ya gaya mata. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, gashinta ya yi buzu-buzu, cikinta ya yi tulu, tana zawo. Da malamin dabbobi ya zo duba tumakin Maigida, sai na yi ta maza na ce a roƙe shi ya duba mana mage. Maigida ya yi dariya ya ce, “Malama, yau kuma mage za a nuna wa likita?” Amma ya kira shi.

Mutumin ya buɗe bakinta ya nuna mana dasashinta fari fat, ya ce jini ne ya yi ƙaranci, ga tsutsar ciki, ga ƙuma, ga haihuwa a kai a kai tana tsotse ta. Da na ba shi labarin wadda ta mutu, sai ya yi shiru, sannan ya ce, “Malama, ba mura ce ta kashe ta ba.” Ya bayyana mana cewa hantar mage ba ta iya narkar da farasitamol yadda tamu take yi, sai ya zama guba, ya lalata jinin har ya kasa ɗaukar iskar da ake shaƙa. Ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe babbar mage, balle ƙarama. Ya ce akwai makarinsa a wajen likita idan an yi hanzari. Allurar tazarar haihuwa kuma ya ce kada mu kuskura, domin irin waɗannan magunguna suna jawo wa mage taruwar mugunya a mahaifa, da kumburi ko ƙari a mama, har da ciwon suga. Ya ce hanya tabbatacciya ita ce tiyata, a yi mata allurar barci a cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa, kuma wannan aikin cikakken likita ne a asibiti, shi ba ya yi. Amma ya ce ko an kai ta a yadda take ba za a taɓa ta ba, sai ta yaye, ta warke, jini ya dawo.

Me malamai suka ce?

A nan ne hankalina ya rabu biyu. Surukata da ta ji labari cewa ta yi, “Ke da kike karantar da mutane, ke ce za ki canza halittar Allah? Wanda Ya halicce su ai Shi ke ciyar da su.” Maganarta ba ta wasa ba ce, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 119, an ambaci canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya sha alwashin umartar mutane da su, kuma wasu magabata sun fassara wannan da fiɗiyar dabbobi. Saboda haka na koma kan littattafai, na kuma tambayi malamaina.

Abin da na samu shi ne mas'alar tana da saɓani. A mazhabarmu ta Malikiyya, Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo a Risala cewa babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, amma an hana a yi wa dawaki. Wato dai ba kowace fiɗiya ce haramun ba, ana duba maslaha. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu. Mu kanmu ai muna kiwon taure ba tare da wani ya ce mun yi saɓo ba. Malaman Shafi'iyya, kamar yadda Imam Nawawi ya kawo, sun tsananta a kan dabbar da ba a cin namanta, suka ce ba a yi mata. Malaman Hanafiyya kuwa sun ambaci mage da sunanta a littafin Fatawa Hindiyya, suka ce babu laifi idan akwai amfani ko tunkuɗe cuta. Daga malaman wannan zamani, Shaikh Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya yi fatawa cewa idan maguna sun yi yawa har suna cutarwa, kuma aikin ba zai azabtar da su ba, to babu laifi, domin hakan ya fi a bari a haife su sannan a kashe.

Da na auna, sai na ga malaman da suka hana, babban abin da suke gudu shi ne azabtar da dabba ba gaira ba dalili. A zamaninsu kuwa babu allurar barci, wuƙa ce ko dutsen dandaƙa, dabba tana ji tana gani. Ni kuma abin da ke gabana ba zaɓi ne tsakanin tiyata da zaman lafiya ba. Zaɓi ne tsakanin tiyata sau ɗaya, da buhu sau biyu ko uku kowace shekara, ga uwar tana ƙarewa a tsaye. Na ɗauki mafi sauƙin cutarwa biyu. Ba fatawa nake ba ki ba, 'yar'uwa, ni ɗaliba ce. Idan zuciyarki ba ta natsu ba, ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa. Wadda kuma take da halin riƙe duk abin da magenta ta haifa, ko samar musu gidajen da za a kula da su, to ta bar ta ta haihu, babu wanda ya ce dole. Abin da dai babu malamin da ya halatta shi ne buhun nan.

Na je na zauna da surukata na karanta mata duk wannan, ban ɓoye mata maganar masu hanawa ba. Ta yi shiru, can ta ce, “To Allah Ya sa haka ya fi alheri. Mu dai a da ba mu san wannan ba.” Maigida kuwa lissafi na yi masa. Na ce, “Malam, buhu nawa ɓera yake ɓata maka kafin zuwanta?” Bai amsa ba, sai ya ce in faɗi ranar tafiya.

Jinya da tafiya asibiti

Wajen wata biyu muka yi muna jinyarta. An auna ta a sikelin awon hatsi, domin maganin dabba da nauyinta ake bayarwa, ba da ƙiyasi ba. Aka ba ta na tsutsa, aka maimaita bayan mako biyu, aka ba ta na ƙuma wanda aka yi domin mage. Na ƙara mata abinci, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, da ƙwai, da 'yan tarkacen nama daga wajen mahauta. A nan na koyi cewa mage ba ta rayuwa a kan tuwo zalla, halittarta ta cin nama ce. 'Ya'yan nan kuma sai da suka kai wata biyu suna cin abinci da kansu, sannan na bi gida gida, har da ɗalibaina, na samar wa kowanne wurin zama.

Ba wa mage magani ma ilimi ne. Ranar farko na sha yakushi har gwiwar hannu, na gane ba kowace kyanwa ce ta Lami ba. Daga baya aka nuna mini dabara: ki naɗe ta da tawul ko tsohon zane, kai kaɗai a waje, wani ya riƙe, ki ɗaga kanta sama kaɗan, ki buɗe bakin ta ƙasa, ki sa ƙwayar can bayan harshe, ki rufe bakin kina shafa maƙogwaro har ta haɗiye, sannan ki bi da ɗan ruwa. Idan na ruwa ne, da sirinji marar allura ake ɗiga shi ta gefen baki a hankali, kada ta shaƙe. Kuma a cika kwanakin da aka ce, ko da an ga ta warware.

Da ta murmure muka kama hanya. Mu mutanen kudancin Kano, idan mun iso Kwanar Dangora hanya biyu ce a gabanmu: ko Kano, inda ake da asibitocin dabbobi na gwamnati da na 'yan kasuwa, ko Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da asibitin koyarwa na dabbobi. Mu Kano muka nufa. An ce mu hana ta abinci tun dare saboda allurar barci. Muka sa ta a kwando mai murfi, muka shimfiɗa tsumma. A mota har wani ya tambaya ko kaza ce, da ya ji kukan mage sai motar ta kaure da dariya. Ban ji haushi ba, ni ma shekara biyu baya da ni za a yi dariyar.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, da hijabinta. Ta sake duba jini da numfashi kafin ta yarda ta yi aikin. Ta ce mini bayan tsayar da haihuwa, tiyatar tana kare mage daga ciwon mugunyar mahaifa, tana kuma rage haɗarin sankarar mama, musamman idan an yi tun tana ƙarama kafin ta fara barbara. Na muzuru kuma ya fi sauƙi da araha, yana rage masa yawo da faɗa da fitsarin nan mai wari da yake fesawa a bango. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Da yamma muka dawo da ita tana layi kamar mai jin barci. Abin da muka kashe, har da kuɗin mota, ya yi kusa da kuɗin turmin atamfa, kuma sau ɗaya ne a rayuwarta.

Kwana goma sha huɗu na tsare ta a ɗaki, ba tsalle, ba hawa katanga, da abincinta da ruwanta da tsohuwar roba cike da yashi. Na yanka hannun tsohuwar rigar sanyi ta yara na zura mata don kada ta lashe ɗinkin. Kullum ina duba wurin, ko ya kumbura, ko yana ruwa, ko yana wari. Har na yi wa kaina dariya, na ce yau ga ni na tsare mage a ɗaki kamar matar hadisi, sai dai ni ina ciyarwa. Aka cire zare lafiya. Masu cewa idan an yi mata aiki za ta daina kamun ɓera, su zo su ga bakin sitonmu da safe. Ta yi ƙiba, gashinta ya kwanta, kukan dare da tara muzurai a kan katanga duk sun wuce.

Lafiyarki da ta yaranki

Akwai maganganu da ke yawo a tsakaninmu mata da ya kamata mu tace. Ana cewa gashin mage yana hana haihuwa, ko yana sa tarin fuka. Tarin fuka daga numfashi da tarin mai ɗauke da shi ake kamuwa, ba daga haɗiye gashi ba, sai dai gaskiya ne mage tana tayar wa wasu masu asma ciwonsu, irin waɗannan a nisanta ta da ɗakin kwanansu. Gashinta kuma ba ya hana haihuwa. Inda gaskiyar take shi ne kashinta. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira tokzoplasma, wadda idan mace ta fara kamuwa da ita tana da juna biyu, tana iya jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Ana samunta a kashin mage, da ƙasar da ya gauraya da ita, da naman da bai dahu ba, da ganyen da ba a wanke ba. Ƙwayar ba ta zama mai cutarwa sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, saboda haka a riƙa kwashewa kullum. Mai ciki kada ta kwashe da kanta, ta sa wani, ta dafa nama sosai, ta wanke salak da kabeji da kyau, ta wanke hannu da sabulu. Ba sai an kori mage ba.

Yara kuma a kula da yashin da suke wasa a kai, domin nan mage take son binne kashinta, kuma ƙwan tsutsa yana bi ta hannu zuwa baki. Magen da ke farauta ana so a ba ta maganin tsutsa kamar duk wata uku. Idan kin ga gashinta yana zubewa a zagaye kamar kwabo, makero ne, yana kama kan yara, a nemi magani ga duka biyun.

Mafi haɗari shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. Kusan duka daga kare ne, amma mage ma tana ɗauka ta kuma yaɗa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Akwai allurar rigakafinsa ta dabbobi, ana fara yi daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu samar da rigakafin dabbobi a ƙasar nan, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Idan mage ko kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, musamman wanda ba a san shi ba ko wanda halinsa ya canza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko man zafi.

Sannan ki riƙe wannan kamar karatun sallah: ba a ba wa mage maganin mutane. Ba farasitamol kaɗai ba, har su asfirin da ibufurofen da sauran magungunan ciwon jiki. Ba a shafa mata fiya-fiya ko kananzir ko maganin feshin gona don kashe ƙuma, domin za ta lashe. Maganin kaska na shanu ko na kare ma yana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, madarar shanu kuma tana sa da yawansu zawo. Idan an sa wa ɓera guba, magen da ta ci ɓeran ita ma tana cikin haɗari.

Na koma ajin nan na ba dattijuwar amsarta a gaban kowa, na fara da labarin kaina. Na ce abin da ya wuce sai tuba da istigfari, Allah Mai gafara ne, amma bayan sani babu uzuri. Na tuna musu hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, inda Abu Ƙatada (RA) ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kuma shaida wa Kabsha, matar ɗansa, cewa Annabi (SAW) ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Na tuna musu Abu Huraira (RA), wanda 'yar kyanwa ce ta jawo masa laƙabin da duniya ta san shi da shi. Na tuna musu mutumin da aka gafarta wa saboda shayar da kare. Na kuma ja hankalinsu cewa labarin da ake yaɗawa a waya na yanke hannun riga saboda mage mai barci ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi, kuma ingantattun da muke da su sun ishe mu.

Na san ba kowace ce take da kuɗin zuwa Kano ko Zariya ba, musamman 'yan'uwanmu na can cikin Doguwa, bayan dajin Falgore. Wadda ba ta da hali, ga abin da ba ya cin kuɗi: kada ki raba 'ya'ya da uwarsu kafin wata biyu, ki nema musu gida tun suna ciki, ki ajiye ruwa a inda za ta samu, ki hana yara jifa da ɗaure mata wuya da igiya, ki kuma nisanta ta da kwalin maganinki. Idan malamin dabbobi ya zo duba awaki, ki ce a nuna masa ita, ko da za a yi miki dariya. Maƙwabta biyu ko uku kuma suna iya haɗa kuɗin mota a kai nasu tare.

Yaranmu suna kallonmu, 'yar'uwa. Ɗan nan nawa bai manta buhu ba. Ranar da muka dawo daga asibiti shi ya shimfiɗa wa Baƙuwa tsumma, ya zauna kusa da ita har ta farfaɗo, sannan ya ce, “Umma, yanzu ba za a sake kai kowa bayan gari ba ko?” Na ce in sha Allahu ba za a sake ba. Tambayarsa ta farko har yau ban iya amsa ta ba, sai dai ina roƙon Allah Ya yafe mini.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk wani mai rai da Ya sa a ƙarƙashin kulawarmu, Ya sa mu yi aiki da abin da muke karantawa, Ya shirya mana zuriya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.